Ra'ayinmu: Ta ci kofi a fili, aka ce ta ajiye kuɗi kafin ta kare shi

Ranar Asabar 25 ga Agusta, 2018, a filin Wembley da ke Landan, ƙungiyar Catalans Dragons daga garin Perpignan na kudancin Faransa ta doke Warrington da maki 20 da 14, ta ɗauki kofin Challenge Cup na ƙwallon zari-ruga mai 'yan wasa 13. Tun da aka fara gasar a kakar 1896 zuwa 1897, babu wata ƙungiya daga wajen Ingila da ta taɓa ɗaga wannan kofi sai ita. Kafin shekarar ta ƙare, hukumar wasan ta Ingila, RFL, ta ce idan Catalans na son dawowa ta kare kofinta a 2019, sai ta ajiye fam dubu 500 a matsayin jingina. Dalilin shi ne kada ta sake kai wa wasan ƙarshe, kujeru su sake zama babu kowa.

Mun san da yawa daga cikin masu karanta mu ba su damu da zari-ruga ba, ƙwallon ƙafa ce tasu. Duk da haka a yi haƙuri a bi mu, domin abin da ya faru a wannan kaka tambaya ce da ke jiran duk mai shirya gasar sili ɗaya ƙwale, ko ta wace ƙwallo ce: idan baƙo ko ƙaramin ƙauye ya ci, za a yi murna ne ko za a fara lissafin asara?

Ga wanda bai san wasan ba, a taƙaice. Zari-ruga iri biyu ne, akwai mai mutum 15, akwai mai mutum 13, kuma na biyun muke magana. Ana ba ƙungiya damar a kayar da mai riƙe da ƙwallonta sau shida, in ba ta ci ba ta miƙa wa abokan karawa. Dire ƙwallo a bayan layin abokan karawa maki 4 ne, bugun da ke biyo baya ta tsakanin turaku maki 2. An samo wannan nau'in ne a 1895, lokacin da ƙungiyoyi 22 na arewacin Ingila suka taru a otal ɗin George da ke Huddersfield suka ɓalle daga uwar hukuma. Rigimar kan kuɗi ce. 'Yan wasansu masu haƙar kwal ne da ma'aikatan masaƙa, in sun bar aiki ranar Asabar suka je wasa sai a yanke musu ladan yini, su kuwa manyan da ke kudu suka ce haramun ne a biya su diyyar wannan yini. Wato tun asali wasan talaka ne da ya ƙi yarda a ce sai mai hali zai buga. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ita Challenge Cup daɗinta shi ne ƙofarta a buɗe take. Tun cikin sanyin Janairu ake fara zagayen farko da ƙungiyoyin unguwa waɗanda ba a biyan su ko sisi, har da na sojoji da na 'yan sanda. A 2018 manyan ƙungiyoyin Super League sai can a zagaye na biyar da na shida suka shigo. Ba gida da waje, ba gyaran kuskure mako mai zuwa. Ka faɗi yau, sai baɗi.

Catalans ta shigo kakar 2018 da ƙyar. A ƙarshen Satumbar 2017 saura ƙiris ta faɗo daga Super League, sai da ta je gidan Leigh ta ci 26 da 10 a wasan da wanda ya sha kashi zai sauka. Sabuwar kakar ma ta fara ta da shan kashi mako bayan mako, tana can ƙasan teburi, har ana ta maganar ko kocinta Steve McNamara zai kai ƙarshen shekara. A kofi kuwa sai ta bi a hankali: ta fitar da York, ta fitar da Whitehaven, ta je Huddersfield ta ci 20 da 6. Har nan ba wanda ya ɗaga kai ya dube ta.

Sai ranar 5 ga Agusta a Bolton, wasan kusa da na ƙarshe, ta haɗu da St Helens, wadda ke saman teburi ta yi wa kowa nisa. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Catalans na da 27, St Helens ba ta da ko ɗaya. Aka tashi 35 da 16. Kai, ko magoya bayan Catalans ɗin ba su yi zaton haka ba. Wannan shi ne abin da gasar rukuni ba ta iya bayarwa. A gasar mako-mako mai kuɗi da yawan 'yan wasa shi ke kan gaba a ƙarshe, amma a sili ɗaya ƙwale minti 80 kawai ake nema daga gare ka.

A Wembley minti biyu da farawa Lewis Tierney ya dire ƙwallon farko. Benjamin Garcia ya ƙara kafin hutu, Brayden Wiliame ya ƙara bayan an dawo, Josh Drinkwater yana ta cika bugunsa. Warrington ta farfaɗo ta rage tazarar zuwa maki shida, ta kuma tare a bakin layin Catalans a mintocin ƙarshe tana ta kai hari, amma ba ta samu ƙofa ba. Kyaftin Rémi Casty ya ɗaga kofi, Tony Gigot ya zama Bafaranshe na farko da ya karɓi kyautar Lance Todd ta gwarzon wasan ƙarshe.

Sai ka san tarihin wasan a Faransa za ka gane nauyin wannan rana a wurinsu. A 1934 ya shiga ƙasar, ya bazu da sauri a kudu. A Disambar 1941 gwamnatin Vichy ta Marshal Pétain, mai haɗa kai da Jamus ta Hitila, ta rushe hukumar wasan da doka, aka ƙwace dukiyarta. Bayan yaƙi an dawo da wasan, amma aka hana shi amfani da sunan zari-ruga, sai dai a ce masa wasan mutum 13, haka aka yi ta tafiya har farkon shekarun 1990. Duk da haka Faransawa ne suka tsaya tsayin daka aka yi gasar cin kofin duniya ta farko ta wannan wasa, a ƙasarsu, a 1954. Mutanen da suka sha wannan su ne aka ce su kawo jingina.

To, mu yi wa RFL adalci, ba ta rasa hujja ba. Mutum 50,672 ne suka shiga kallon wasan ƙarshen 2018, a filin da ke cin mutum 90,000. Shekarar da ta gabata, da Hull ta kara da Wigan, an haura 68,000. Wasan ƙarshe na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin hukumar, kuma da wannan kuɗi ake riƙe ƙananan ƙungiyoyi da wasan yara. Kowace kujera da ta zauna babu kowa, wani ne can ƙasa zai ji a jikinsa. Ban da haka, ƙungiyoyin waje gayyatarsu ake yi cikin gasar, ba cikakkun 'yan gida ba ne, kuma mai gayyata na iya gindaya sharaɗi. Duk wanda ya taɓa riƙe asusun gasar makarantu ya san zafin ranar da kuɗin ƙofa bai biya hayar rumfa da kujeru ba.

Amma a ganinmu hukumar ta ɗora laifin inda ba nan yake ba. Tsakanin wasan Bolton da na Wembley kwana 20 ne kacal. Mutumin Warrington zai hau jirgin ƙasa da safe ya kwana a gidansa. Mutumin Perpignan kuwa tafiyar fiye da kilomita 1,000 ce a gabansa, ga tsallaka teku, ga watan Agusta da kuɗin jirgi da na masauki ke tashi saboda hutu. Wa ya tsara ranakun? Ba Catalans ba ce. Sannan shekarar da ta biyo baya ta ba da amsa da kanta: a 2019 maƙwabta biyu na Ingila, Warrington da St Helens, suka kai wasan ƙarshe, aka samu 'yan kallo 62,717. Sun fi na 2018, gaskiya ne, amma har yanzu kujeru sama da 27,000 babu kowa, kuma ba Bafaranshe ko ɗaya da za a nuna wa yatsa. Ashe dai ciwon ya riga Catalans zuwa.

Akwai kuma abin da lissafin kuɗin ƙofa ba ya gani. Bayan cin kofin an gayyaci 'yan wasan Catalans suka zagaya da shi a filin Camp Nou na Barcelona, kasancewar Perpignan ma ƙasar Kataloniyawa ce ta ɓangaren Faransa. A watan Mayun 2019 suka koma wannan fili suka buga wasan Super League da Wigan a gaban mutum 31,555, adadin da ba a taɓa samu ba a wasan mako-mako na gasar. Wasan da ya shafe fiye da ƙarni yana kukan ya kasa fita daga 'yan garuruwan arewacin Ingila, ga shi an kai shi ɗaya daga cikin manyan filayen duniya. Wannan talla nawa za a saye ta?

Babban abin da ya fi damun mu shi ne ma'anar sharaɗin. Jinginar ba ta hana Catalans shiga don ta yi maguɗi ko ta karya doka ba. An sa ta ne don tsoron kada ta sake yin nasara. Da a ce an tabbata za a fitar da ita a zagaye na shida, ba wanda zai nemi ko kwabo. Kun ga an mai da cin wasa abin tara ke nan. Idan aka bi wannan hanya, me zai hana gobe a ce wa ƙaramar ƙungiyar Ingila mai magoya baya kaɗan ita ma ta ajiye nata? A 1998 Sheffield Eagles, wadda ba ta da tarin jama'a, ta doke Wigan 17 da 8 a wasan ƙarshe, Wigan ɗin da ta ci kofin sau takwas a jere daga 1988 zuwa 1995. Har yau wannan wasa ake ba yara labari idan ana son nuna musu darajar gasar. Jikokin mutanen otal ɗin George, waɗanda suka ɓalle don kada rashin kuɗi ya hana mutum wasa, bai kamata a ji wannan magana daga bakinsu ba.

Catalans ta ce ba za ta biya ba. Aka yi ta ja-in-ja, masu sharhi da magoya baya a Ingila kanta suka yi wa hukumar ca, daga baya a farkon 2019 aka sasanta ta shiga gasar. Sai dai Toulouse ta Faransa da Toronto ta Kanada ba su buga kofin na wannan shekara ba. Gasar da ake alfahari da buɗaɗɗiyar ƙofarta ta rasa baƙi biyu, ta kusa rasa mai riƙe da kofin.

Ba don nishaɗi kawai muka kawo labarin ba. Zari-ruga mai mutum 13 ya fara tsiro a yankinmu. An yi gasar Afirka da Gabas ta Tsakiya a Legas a 2019, aka sake yi a Accra a 2022, Ghana da Kamaru da Najeriya duk sun buga, Najeriya ce ta ci duka biyun. Ƙungiyoyin da ake da su yawanci a manyan biranen kudu suke. Ranar da za a kafa kofin sili ɗaya ƙwale na ƙasa baki ɗaya, za a samu ƙungiya daga Tamale ko Garwa ko Kano wadda sai ta kwana a mota kafin ta iso fili, magoya bayanta kuma ba za su cika ko ɓangare ɗaya na wurin zama ba. Masu shirya gasa za su ji irin abin da RFL ta ji.

Shawararmu gare su, da ma masu shirya kofin ƙwallon ƙafa na unguwanni da makarantu, ita ce a yi wannan lissafi tun kafin a jefa ƙuri'ar zagayen farko. A ware wani kaso daga kuɗin ƙofar kowane zagaye a ajiye don shekarar da wasan ƙarshe bai kawo jama'a ba. A bar tazara mai yawa tsakanin wasan kusa da na ƙarshe da na ƙarshen, yadda na nesa za su samu damar haɗa kuɗin mota. Idan filin ya fi ƙarfin gasar, a koma ƙarami. Sannan a rubuta a cikin dokar gasa, da baƙaƙe manya, cewa mai riƙe da kofi yana da kujerarsa a shekara mai zuwa ba tare da an nemi komai a hannunsa ba.