Sandar sunuka 'yar gida: Araha, inganci da matsalar rashin suna

Duk wanda ya zaga unguwannin cikin birnin Kano da yamma, daga Gwammaja zuwa Yakasai, ko daga Ƙofar Mata zuwa Mandawari, da wuya ya rasa cin karo da teburin sunuka a ƙarƙashin rumfar kwano ko cikin wani ɗan shago, matasa sun kewaye shi suna jiran layi. Wannan wasa ya zama hanyar cin abinci ga mutane da dama, tun daga mai teburi da yaron da ke karɓar kuɗi, har zuwa kafintan da ya haɗa teburin da wanda ya fere sandar da ake dukan ƙwallo da ita. A kan wannan sanda nake son mu yi nazari a yau, musamman wadda ake ba da aikinta a gida a kan farashi mai rahusa. Akwai tambayoyi uku da ya kamata mai saye ya yi wa kansa kafin ya zaro kuɗi daga aljihu: shin tana da inganci, shin tana da daɗin wasa, kuma idan buƙata ta taso za a iya sayar da ita a mayar da wani abu?

Kafin mu je ga amsa, yana da kyau mu warware wani ruɗani. Asalin sunuka, kamar yadda tarihi ya nuna, hafsoshin sojan Birtaniya ne suka ƙirƙiro shi a garin Jabalfur na ƙasar Indiya a wajen shekarar 1875, kuma ana yin sa a kan babban teburi mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 6, wanda aka shimfiɗa wa faifan dutse a ƙarƙashin kyallensa. Abin da yaranmu ke bugawa a unguwa ɗan'uwansa ne da Turawa ke kira ful, mai ƙaramin teburi da ƙwallaye 15 ban da farar, sai dai mu duk mun haɗe su mun kira su sunuka. Bambancin yana da muhimmanci ga mai yin sanda, domin sandar ainihin sunuka bakinta siriri ne, kamar milimita 9 zuwa 10, ita kuwa ta ful irin ta Amurka bakinta yakan kai milimita 13, saboda ƙwallayen sun fi girma da nauyi. Kafintan da bai tambayi mai ba shi aiki irin ƙwallon da ke kan teburinsa ba, ya fara kuskure tun kafin ya ɗauki zarto.

Sanda mai kyau ba ta da wani asiri. Tsawonta yakan kama inci 57 zuwa 58, wato kimanin santimita 145 zuwa 147, nauyinta kuma yana tsakanin giram 450 da 600 gwargwadon irin wasan. Dole ta miƙe sak, ta riƙa sirancewa a hankali daga gindi zuwa baki ba tare da tudu ko kwari ba, nauyinta ya fi rinjaya ta wajen mariƙi. A bakinta akwai zobe na tagulla ko na roba mai tauri da ke hana katakon tsagewa, a kan zoben kuma akwai 'yar fatar da ake goga wa alli. Wannan 'yar fata, wadda ake danganta ƙirƙiro ta ga wani hafsan sojan Faransa mai suna François Mingaud a farkon ƙarni na 19, ita ce ke ba ɗan wasa damar murza ƙwallo ta dawo baya ko ta karkata gefe. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa da ya fi ƙarfin masassaƙin Kano mai injin fere katako da ma'auni a hannu.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen katako. A Ingila da itacen ash ake yin sandar sunuka, a Amurka kuma da itacen mefil, kuma masu sana'ar ba sa taɓa katakon sai ya bushe sosai. Bayan haka ma ba a rana ɗaya suke fere shi ba. Sukan rage shi kaɗan su ajiye na wasu makonni ko watanni, su ga ko zai karkace, sannan su sake ragewa, wanda ya karkace kuma su jefar da shi. A nan kuwa, abin da aka saba gani shi ne a sayo katako a Na'ibawa ko Rijiyar Lemo da safe, a fere shi da rana, a shafa masa banish da yamma, washegari a miƙa wa mai shi yana ta ƙyalli. Katakon da aka sare a dajin kudu ya iso Kano da sauran ruwa a jikinsa, idan hunturu ya kama shi sai ya saki ruwan da sauri ya tanƙware, idan damina ta zo ya sake shan laima ya kumbura, zoben ya yi sako-sako. Masu iya magana sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, to sandar da aka fere da ɗanyen katako ba ta jiran kowa, da kanta take tanƙwarewa. Wannan ne ya jawo wa sanda 'yar gida baƙin jini, kuma laifin na gaggawa ne da son a karɓi kuɗin aiki da wuri.

Game da daɗin wasa kuwa, ra'ayina shi ne tsadar sanda ba ta jefa ƙwallo a rami. Tarihin wasan kansa ya tabbatar da haka. Stephen Hendry, ɗan ƙasar Sukotland, ya ci kofin duniya na sunuka sau 7 tsakanin 1990 da 1999 da sandar kanti wadda aka saya kan fam 40 tun yana matashi, kuma bai rabu da ita ba sai a 2003 da ta karye a cikin kayan jirgin sama. A 1997 kuma Ken Doherty, ɗan ƙasar Ayaland, ya doke shi a wasan ƙarshe da sandar da ya saya kan fam 2 a gidan wasan unguwarsu tun yana yaro. Abin da waɗannan sanduna biyu suka haɗa shi ne tsohon katako da ya gama motsinsa, da hannun da ya shekara yana riƙe da abu ɗaya har ya san halinsa. A nan ne ma sandar da aka ba da aikinta take da fifiko a kan ta kanti, domin mai ita zai iya cewa a rage mata tsawo idan shi gajere ne, a ƙara mata nauyi, ko a sirance mariƙin daidai da tafin hannunsa. Matashin da ke da sandarsa ta kansa, ko da mai araha ce, zai fi saurin ƙwarewa a kan wanda kullum yake ɗaukar duk wadda ya tarar a jingine a bango.

Tambaya ta uku ita ce mai ɗaci. Wanda ya sayi sanda 'yar gida da tunanin wata rana zai sayar ya mayar da kuɗinsa, gara ya cire wannan daga ransa. Dalili kuwa shi ne mai sayen kayan hannu ba ya iya ganin cikin katako, abin da yake dogara da shi shi ne sunan wanda ya yi aikin. George Balabushka, wanda aka haifa a Rasha a 1912 ya kuma rasu a Amurka a 1975, ya yi sandunan da ba su wuce dubu da 'yan ɗaruruwa ba a rayuwarsa, amma har yau masu tara kayan tarihi suna biyan dubban daloli a kan guda ɗaya. A Landan, sandunan John Parris, wanda manyan 'yan wasa irin su Ronnie O'Sullivan suka yi amfani da aikinsa, suna riƙe darajarsu ko da sun tsufa. Tamu kuwa ba ta da tambari, ba ta da kwanan wata, ba a san wanda za a koma wa ba idan ta karkace. Da zarar ta bar shagon kafinta ta zama marainiya, wanda zai saya daga hannu na biyu kuma zai yi mata kuɗin itace ne kawai. Har ila yau, abin da ya sa ta dace da mai ita na farko, wato awon jikinsa, shi ne zai rage yawan masu sha'awarta daga baya.

Abin takaici shi ne darajar suna ba baƙon abu ba ne a wannan birni. Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar da tufafi da takalman da aka yi a nan suna ratsa Sahara. Buzu a Agadas ba ya buƙatar dogon bayani idan aka ce masa turkudin nan ɗan Kura ne. Sunan wuri da sunan gidan sana'a su ne jarin da kakanninmu suka bar mana, kuma sun same shi ne domin mai rini ko baduku ya san idan ya ha'inci baƙo sau ɗaya, ya zubar da mutuncin zuriyarsa gaba ɗaya. Kafintan yau da ke sakin aiki babu alama a jiki ya yar da wannan gado, kuma shi ne farkon wanda ke asara, domin ba zai taɓa iya ƙara farashi a kan na maƙwabcinsa mai algus ba.

Na san akwai masu cewa me ya yi zafi, tunda ga sandunan ƙasar Sin cike da kasuwa. Gaskiya ne akwai su, kuma wasunsu ba su da laifi. Amma mu tuna tun da aka saki naira ta nemo wa kanta daraja a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin hukuma har ta haura naira 1,500 a 2024, duk wani abu da ake shigo da shi kuma ya bi sahu. Sannan mafi arahar waɗanda ake shigowa da su ma suna karkacewa a zafin Kano, kuma idan suka karkace babu wanda za a kama. Mai teburin da ke buƙatar sanduna huɗu ko shida, waɗanda yara za su riƙa bugawa da ƙasa suna cire musu baki, ya fi buƙatar mai gyara a bayan layinsu a kan kamfanin da ke wata nahiya.

Akwai kuma masu ganin bai dace a ɓata tawada a kan wasan da suke dangantawa da zaman banza da caca ba. Damuwarsu tana da tushe, domin duk inda aka sa kuɗi a kan wasa ko aka bar yara 'yan makaranta suna yini a rumfa, wajibi ne iyaye da masu unguwanni da hukuma su tsawatar. Sai dai gyaran wannan yana wuyan masu rumfunan da masu sa ido a kansu. Tebura dai suna nan, ana kuma sayen sanduna kullum, abin da ya rage shi ne ko kuɗin ya tsaya a Kano ko ya tafi waje.

Wani abin da ya kamata ya dame mu shi ne kayan aikin da ake alfahari da su a waje, wasu daga yankinmu suke fita. Baƙin itacen da ake ƙawata gindin sanduna masu tsada da shi dangin kanya ne, kuma yana fitowa a dazuzzukan kudancin Nijeriya da Kamaru da Gabon. Madobiya kuwa, an yi ta sararta ana lodi zuwa Sin har sai da aka tsaurara matakan kare ta a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES a 2017, aka kuma dakatar da cinikinta daga Nijeriya a 2018. Mun sayar da gungume a banza, ba mu koyi mayar da ɗan guntu abu mai daraja ba. Sanda guda ba ta cin katako mai yawa, tsofaffin ƙyamare da azarori da kujerun da suka shekara ashirin suna bushewa ma sun isa a gwada su. Haka batun fatar baki. Da yawa daga cikin masu tsadar da ake haɗawa hawa-hawa a ƙasashen Asiya da fatar alade ake yin su, abin da 'yan wasanmu da dama ba su sani ba. Garin da ke da majemu a Challawa da Sharaɗa da Bompai bai kamata ya kasa fitar da bakin sanda na fatar saniya ba.

Don haka shawarata ga kafintoci ita ce su sayi katako tun shekara guda kafin buƙata, su bar shi ya ga hunturu ya ga damina a inuwa, su fere shi a matakai, su auna nauyin kowace sanda a sikeli, sannan su buga sunansu da shekarar aiki a gindinta, tare da alƙawarin gyara ko canji idan ta karkace cikin watanni shida. Irin wannan sanda za ta fi ta yau tsada, amma ita ce kaɗai za ta iya samun mai saye na biyu. Ƙungiyoyin kafintoci da cibiyoyi irin su Asusun Horar da Ma'aikata na ITF da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano za su iya taimakawa da horo kan busar da katako, ilimin da zai amfani masu yin ƙofofi da gadaje fiye ma da masu yin sanda.

Mai saye kuma ya ɗaga sandar ya hango ta da ido ɗaya daga gindi zuwa baki yana juya ta, ya gangara ta a kan wuri mai laushi da ya daidaita ya ga ko bakinta zai yi tsalle, ya bubbuga ta a tafin hannu ya saurari ko akwai abin da ke kaɗawa a ciki, ya kuma tambayi yaushe aka sayo katakon. Idan ya kai ta gida kada ya jingine ta a bango ko ya bar ta a rana ko cikin mota, ya kwantar da ita ko ya rataye ta a tsaye. Ya saye ta domin wasa, kamar yadda manomi ke sayen fartanya domin noma. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, amma araha tana iya aiki idan mai yin ta ya yarda ya sa sunansa a kai. Allah Ya yi wa sana'o'inmu albarka, amin.