FILIN SHARI'A: Likita a Gaban Alƙali

A zangonmu idan aiki ya ɓaci a asibiti, sai mu ce ƙaddara ce, mu yi shiru. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta hana kotu tambayar wanda ya yi sakaci.

Ga misali daga Kumasi. Wata matashiya da ciki ya zauna mata a bayan mahaifa ta je asibitin gwamnati, aka yi mata tiyata lafiya. To amma hannun da aka yi mata ƙarin jini ya kumbura, ya ruɓe, har aka yanke shi. A 1975, cikin shari'ar da ake kira Asantekramo, kotu ta ce wanda ya shiga da ciwon ciki ba ya fita babu hannu haka kawai. Wajibi ne asibiti ya kawo bayani. Bayanin bai gamsar ba, aka umarci gwamnati ta biya diyya.

Ma'aunin da kotunan Gana suka gada daga Ingila shi ne na shari'ar Bolam ta 1957: likita ba shi da laifi muddin ya bi hanyar da wasu ƙwararrun likitoci suka yarda da ita. Wannan ya daɗe yana yi wa likitoci rumfa, don kuwa da wuya ɗan sana'a ya tona asirin ɗan'uwansa. A 1997 aka rage faɗin rumfar, aka ce dole ra'ayin ƙwararrun ya shiga hankalin alƙali.

Wadda ta fi jan hankalina ita ce shari'ar Montgomery ta 2015. Mace ce gajeruwa mai ciwon sukari, likitarta ba ta gaya mata haɗarin maƙalewar kafaɗar jariri ba, don kada ta zaɓi fiɗa. Yaron ya zo da naƙasa. Kotun Ƙoli ta Birtaniya ta ce jiki na mai shi ne, sai a faɗa masa haɗari ya zaɓa.

Hukuncin bai ɗaure kotunanmu ba, amma lauyoyi na kafa hujja da shi. Saboda haka, malam likita, dangwala yatsa a takardar da tsohuwa ba ta iya karantawa ba yarda ba ce. In ba ta jin Turanci ko Tuwi, a nemo tafinta, a kuma rubuta abin da aka gaya mata a fayil.

Sai wata mai zuwa.