Kafin a sayar da kwabon kaka

A makon jiya, bayan an tashi daga lakwal, wani ɗalibina ya tare ni a bakin ƙofa ya buɗe tafin hannu. Tsohuwar dala biyar ce, ya goge ta da toka da lemun tsami har tana ƙyalli. "Mushe, dubi, bayanta a kife yake. A waya an ce irin wannan kuskuren miliyan ake sayensa." Da na matsa masa da tambaya, ashe daga kwallar kakarsa ya ɗauko, ita da wasu tsofaffin kuɗi uku, ba da saninta ba.

Na zaro dala biyar daga aljihuna na ce ya juya ta. Ita ma a kife. Haka ake buga ta tun asali. Yaron ya yi shiru.

Ra'ayina shi ne, hana yara kallon waɗannan bidiyoyi ba zai yi magani ba. Maganin shi ne mu koya musu duban kuɗi da ido irin na mai awo. Mu nan Ƙonni, Malbaza da Illela, zaman bakin iyaka ya tara mana kuɗin Faransa da na Ingila a ɗaki guda: dala da tamma, sule da sisi, kwabo da anini masu huda. Abin koyarwa yana gidajenmu.

Da farko, a nemo ɗan'uwan kuɗin, mai daraja ɗaya da shekara ɗaya, a jera su. Abin da ke jikin duka biyun ba kuskure ba ne.

Na biyu, a raba kuskuren ma'aikata da tabon zamani. Kuskuren bugu shi ne hoto ya goce daga tsakiya, ko rubutu ya fito biyu a kan juna, ko a haɗa fuskar wani kuɗi da bayan wani. Amma hudar da maƙeri ya yi don a rataya a wuya, da lanƙwasa, da rubutun da hannuwa suka cinye, duk rauni ne, rage daraja suke yi. Gogewa da toka ma haka take, masu tara tsofaffin kuɗi ba sa son gogagge.

Na uku, baƙon abu ba lallai ya zama mai tsada ba. Liyarin azurfa mai hoton sarauniya Mariya Tereza, wanda kakanninmu mata ke ado da shi, 1780 ne a jikinsa, amma an ci gaba da buga shi da wannan shekarar har a ƙarni na 20. Kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na takwas, wanda ya sauka daga sarautar Ingila a Disambar shekarar, an buga shi da yawa don Afirka ta Yamma. Ƙananan haruffa H ko KN da ake gani a wasu kwabbai kuwa alamar ma'aikatun Birmingham ne da suka buga su.

Wani zai ce, ai kuskure na gaskiya yana samuwa, kuma yana kuɗi. Haka ne. Shi ya sa bai kamata yaro ya kai shi tasha ya ba wanda ba a san gidansa ba. Duk mai saye da ya ce a fara biya masa kuɗin gwaji, a bar shi ya wuce.

Malamai, mu ware darasi guda: kowane yaro ya zo da tsohon kuɗi da izinin gida, a ɗora takarda a kansa a goga fensir, a karanta shekara, a yi lissafin canji. Iyaye kuma, ku buɗe kwalla da kanku ku ba da labari, kafin waya ta riga ku.

Na raka ɗalibina ya mayar da kuɗin. Tsohuwar ta ɗauki kwabo mai huda ta ce da shi mahaifiyarta ta koya mata ƙirga cinikin fura. Bai sake tambayar nawa za a saye shi ba.