Hotunan 'yan dambe: Jiki nasu, riba ta wa?

Duk mai leƙa Facebook ko Instagram ya sha cin karo da hoton ɗan damben gargajiya: ƙato tsaye ba riga, gumi na tsiyaya, hannu ɗaure da kara, guraye da layu a damtse. Masu ɗaukar hoto na gida da na waje sun ƙara yi wa gidajen dambe tsinke tun da tashar Dambe Warriors ta fara watsa wasan a YouTube a 2017.

A cikin birnin Kano akwai masu ganin irin waɗannan hotuna ba su dace ba, kuma damuwarsu abar dubawa ce, domin a wurin yawancin malamai al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa. Sai dai mai kyamara shi ke zaɓen inda zai tsaya da abin da zai nuna. Hoton da ya kama damtse, tabon fuska da kallon da ɗan wasa ke yi wa abokin karawarsa, jarumta ya nuna. Wanda aka ɗauka don tayar da sha'awa ba ya ɓuya, kuma shi ya kamata a hana.

Hoto mai kyau tarihi ne. Waƙar Ɗan Anace ce ta sa sunan Shago bai bar bakin Hausawa ba. A Amurka kuwa, hoton da Neil Leifer ya ɗauki Muhammad Ali tsaye a kan Sonny Liston a 1965 har gobe ana sayensa. Wasan da Rundawa suka raya ya cancanci irin wannan adana.

Inda gizo ke saƙar shi ne riba. A doka, haƙƙin mallakar hoto yawanci na wanda ya ɗauka ne. Yana iya sayar wa mujalla ko ya baje shi a Turai, ɗan damben kuwa ya koma gida da kumburin fuska da 'yan kuɗin da 'yan kallo suka yi masa kari. Sau da yawa ko sunansa ba a rubutawa a ƙasan hoton. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Muna kira ga shugabannin dambe da kada su bar mai ɗaukar hoton kasuwanci ya shiga fili sai da rubutaccen izinin ɗan wasa, da kason da zai samu. Kowane hoto ya fito da sunan ɗan damben da ɓangarensa, Kudu ne, Arewa ko Guramada.

Gidan Makama, da ke kusa da fadar Sarki, yana ajiye da tsofaffin hotunan Kano. Ya dace ya ware zaure ga 'yan dambe da 'yan kokawa, ya nemi masu hoto su bar kwafi, don kada jikokinmu su je ƙasar waje neman ganin fuskar mazajensu.