Sharan, Alhambra da Galaxy: A Duba Inji Kafin Tambari

A tashoshin motar Kazaure da Babura, direbobin haya kan yi gardama a kan wace ce ta fi ƙwari tsakanin Sharan, Alhambra da Galaxy. Sau da yawa gardamar kan tsaya a kan tambarin da ke gaban mota, alhali ba can amsar take ba.

Volkswagen Sharan da SEAT Alhambra 'yan gida ɗaya ne, domin kamfanin Volkswagen ne ya mallaki SEAT ta ƙasar Sifen. Ita ma Ford Galaxy ta farko, wadda ta fito a 1995, masana'anta ɗaya ce ta ƙera ta tare da su a Palmela ta ƙasar Fotugal. Gangar jikinsu kusan ɗaya ce. Injin dizal na 1.9 TDI da injin fetur na 2.8 duk na Volkswagen ne, ko da an same su a cikin Galaxy. Inda aka rabu shi ne injinan fetur na 2.0 da 2.3 da Ford ta sa a Galaxy, waɗanda nata ne na kanta. Wanda ya sayi irin wannan Galaxy da zaton kayan injin Sharan za su shiga, to ya shirya yawo a kasuwar Ƙofar Ruwa.

Haka abin yake a gidan Toyota. Lexus ES 350 da Camry mai silinda shida injinsu ɗaya ne, mai lita 3.5. Sai dai Lexus ta fi yawan kayan lantarki, kuma kowace na'ura da aka ƙara, ƙarin wurin lalacewa ne a ƙasa mai zafi da ƙura.

Ga direban Achilafiya da ya sayar da amfanin gona ko shanu don sayen motar haya, ƙwarin mota yana nufin kwana nawa za ta yi a hanya maimakon gareji. Abin da ke tabbatar da haka shi ne irin injin, lafiyar giya, yadda mai ita na baya ya kula da ita, da ko makaniken Kazaure ya san cikinta.

Don haka kafin a biya dillali, a tafi da makanike ya buɗe bonet, ya karanta lambar inji, a kuma tambayi farashin kayan gyaranta a Kano. Kuɗin wannan zirga-zirga bai kai na sauke inji sau ɗaya ba.