RA'AYINMU: Jinin da ake ɗiba domin binciken ciwon zuciya amana ne a wuyan gwamnati

Da wuya a sami ma'aikatar tarayya a Abuja da ba a taɓa liƙa sanarwar rasuwar wani ma'aikacinta da ya yanke jiki ya faɗi ba, ko a ofis ko a hanyar komawa Kubwa ko Nyanya. Sau da yawa hawan jini ne sanadi. Kiyasin masana ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku na manyan 'yan Najeriya na fama da shi, kuma da yawansu ba su sani ba sai ya taɓa zuciya ko ƙoda ko ƙwaƙwalwa. Don haka babu mai hankalin da zai yi jayayya da buƙatar bincike a kan wannan cuta. Abin da wannan jarida ke tambaya shi ne: wa ke kula da jinin da ake ɗiba da sunan binciken, kuma ina yake zuwa?

Amfanin binciken cikin gida ya riga ya bayyana, kuma daga nan Abuja aka nuna shi. A 2019 mujallar New England Journal of Medicine ta wallafa sakamakon gwajin CREOLE, wanda Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta. An gwada haɗin magunguna iri uku a kan masu hawan jini 728 a ƙasashen Afirka shida na tsawon wata shida. Haɗi biyun da ke ɗauke da amlodifin sun fi saukar da jini a kan haɗin ferindofiril da maganin ƙara fitsari. Kafin wannan, likitocinmu sun fi dogara da binciken da aka yi a kan Turawa ko baƙaƙen fatar Amurka, waɗanda abincinsu da rayuwarsu ba irin tamu ba ce. Gwaji ɗaya da aka yi bisa ƙa'ida ya ba likitan Gwagwalada hujjar abin da zai rubuta wa majinyacinsa.

A fannin ƙwayoyin gado giɓin ya fi haka girma. Afirka ce nahiyar da ta fi kowace bambancin ƙwayoyin halittar ɗan Adam, amma 'yan asalinta ba su kai kashi 3 cikin 100 na mutanen da aka yi manyan binciken gado a kansu ba. Wannan rashi yana da illa a aikace. A 2016 masana a Jami'ar Harvard sun nuna cewa an taɓa shaida wa wasu baƙaƙen fata a Amurka cewa suna ɗauke da gadon ciwon kaurin tsokar zuciya, alhali bambancin da aka gani a jikinsu ba ya cutarwa. Kuskuren ya faru ne domin ba a sa isassun baƙar fata cikin waɗanda aka kwatanta da su ba. A arewacin Najeriya kuwa, ciwon zuciyar da ke kama mata a ƙarshen goyon ciki ko bayan haihuwa yana cikin mafi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta shi da wankan jego da kunun kanwa. Binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta daga baya ya jawo hankali ga talauci, rashin abinci mai gina jiki da ƙarancin sinadarin seleniyam. Rawar da gado ke takawa a jikin matanmu kuwa, sai an ɗibi jininsu an duba kafin a yi magana.

Wannan ne ya sa jinin ɗan Najeriya ya zama abin nema ga jami'o'i da kamfanonin magunguna na duniya. Kamfanin 54gene da aka kafa a Legas a 2019 ya samu miliyoyin daloli daga masu zuba jari, ya tara samfuran dubban 'yan ƙasa, sannan ya durƙushe a 2023. Kamfani na iya mutuwa, amma bayanan gadon da ya tara suna nan, kuma suna da kuɗi. Talakan da ya miƙa hannu aka ɗebi jininsa a asibiti bai yi yarjejeniya da duk wanda zai gaji kadarar kamfanin ba.

Najeriya ta san kuɗin da ake biya idan aka yi sakaci da amana irin wannan. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kimanin 200 a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara 11 sun rasu. Iyaye sun ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta aikata laifi, aka shafe shekaru a kotu har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Amma tun kafin sasantawar, zargin ya taimaka wajen rura ƙin rigakafin shan inna a 2003, abin da ya mayar da yaƙi da cutar baya da shekaru.

Ba a rasa doka ba. Akwai Kundin Ɗa'ar Binciken Lafiya na 2007, wanda ya wajabta yarjejeniya a rubuce kafin a fitar da samfuri zuwa waje. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ba Kwamitin Ɗa'ar Binciken Lafiya na Ƙasa ƙarfin doka, ta kuma hana yin bincike a kan mutum ba da yardarsa ba. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya bayanan lafiya da na gado cikin masu buƙatar kariya ta musamman. Rauni yana wajen aiwatarwa. Takardar amincewa mai shafuka da dama cikin Turancin lauyoyi, wadda aka miƙa wa matar da ke kwance tana haki, ba ta cika ma'anar yarda ba ko da ta dangwala. Majinyaci a ƙasar nan ba ya iya cewa a'a ga likitan da ke duba shi, kuma masu bincike sun san haka. Ya kamata wanda ke neman yardar ya zama daban da wanda ke ba da magani, a yi bayanin da Hausa ko Yarabanci ko Ibo ko Gbagyi, a faɗa wa mutum ƙarara ko za a ajiye jininsa, har yaushe, da yadda zai janye idan ya sauya ra'ayi.

Akwai kuma abin da ya shafi masu karanta wannan shafi kai tsaye. Sakamakon gwajin gado yana ba da labarin 'ya'yan mutum da 'yan uwansa, yana iya ɓata aure, yana iya hana ƙarin girma a wurin aiki. Muna kira ga Ma'aikatar Lafiya da Hukumar Kare Bayanai da su fitar da ƙa'ida bayyananniya da za ta hana ma'aikata ko kamfanin inshorar lafiya neman irin wannan sakamako. A kuma buɗe rijistar da kowa zai iya dubawa, mai nuna samfuran da aka fitar daga ƙasar nan, inda aka kai su da sharuɗɗan da aka sanya.

Duk wannan sai da kuɗi, kuma mai biyan kuɗin bincike shi ke zaɓar tambayar da za a amsa. Babban shirin binciken gado na nahiyar, H3Africa, da kuɗin Amurka da Ingila aka tafiyar da shi. A taron Bamako na 2008 an nemi ƙasashe su ware kashi 2 cikin 100 na kasafin lafiyarsu ga bincike. Daraktoci da mataimakan ministoci da hadiman 'yan majalisa da ke tsara kasafin baɗi su buɗe shafin Ma'aikatar Lafiya su duba nawa aka rubuta wa bincike, nawa aka rubuta wa kwamitin da ke sa ido a kansa, sannan su nemi a nuna musu nawa aka saki a cikin na bara.