Rufin masana'antun Tema ya fara biyan kuɗin wuta

A 2024 aka ƙaddamar da farantan hasken rana a kan rufin wani katafaren ɗakin ajiyar kaya a Tema, masu ba da wuta kusan megawat 17. Kowa ya yaba, ni ma na yaba. Sai dai fa mu duba gine-ginen da ke kewaye da shi.

Da yawa daga cikin masana'antun Tema an gina su ne tun zamanin Nkrumah, lokacin da madatsar ruwa ta Akosombo ke ba da wuta da araha. Ba wanda ya damu da zafin kwano a lokacin. Yau kuɗin wuta ya hau, kuma waɗanda suka ga shekarun dumsor sun san abin da janareta ke ci.

A ganina, kafin a kai ga faranti, a fara da gyaran da ba ya shiga jarida: a shafa wa rufi farin fenti, a sa silin mai tare zafi, a buɗe hanyar iska da haske, a canza tsofaffin injina da ƙwayayen fitila. Gini in ya rage shan wuta, mai haya zai yarda ya ƙara kuɗi, bankin ma ya fi sakin bashi a kansa.

To, ina ruwanmu? Yaranmu na zangon Ashaiman da ke dako da gadi a Tema, su ake fara sallama duk ran da kuɗin wuta ya ci ribar kamfani. Gyaran nan kuwa aikin masu walda ne da masu haɗa waya, kuma kamfani takardar shaidar koyon sana'a yake tambaya kafin ya ba yaro kwangila.